Rabi'u Mai Tsire da Sunan da Waya Ta Ƙi Nunawa

Duk wanda ya zauna a lungunmu na Sa'alaba, a kudancin Jidda, ya san cewa da la'asar sakaliya hayaƙi yakan taso daga bayan wani tsohon gida mai bene ɗaya, ya bi iska ya shiga tagogin mutane. Hayaƙin tukubar Rabi'u ne. Na shaƙe shi tun ina aikin akawu a wani kamfanin jiragen ruwa har na ajiye aiki na koma zaman ƙofar gida. Yanzu da tukubar ta mutu, na ga ya dace in rubuta abin da na sani game da mai ita, domin ban taɓa ganin mutumin da ya so a rubuta sunansa kamar Rabi'u ba.

Mutumin Funtuwa ne. Ya zo umara yana saurayi, da ƙaramar jaka da niyyar komawa gida bayan sallah, sai komawar ta yi ta matsawa gaba. Wa'adin bizarsa ya ƙare, ya shiga sahun mutanenmu masu zama babu iƙama, wato takardar izinin zama. Ya yi dako, ya yi wankin mota, daga baya Allah ya haɗa shi da Ammi Bakur, wato Baffa Bakur, wani dattijo wanda kakanninsa suka zo aikin hajji da ƙafa ta ƙasar Sudan, suka zauna har jikokinsu suka zama 'yan ƙasa. Ammi Bakur tsire yake yi, irin wanda mutanen Hijaz suka karɓa daga hannun iyayenmu suke kira sere. Na ci nasa, kuma ina shaida cewa a zamaninsa babu kamarsa. Yakan yanka nama siriri har ka hango hasken fitila ta cikinsa, kuma bai yarda a kusantar da shi wuta ba sai garwashi ya yi toka a sama.

Yana da ɗa mai suna Abdulghani, sa'an Rabi'u. A tukuba ɗaya suka koya, da wuƙa ɗaya suka yanke yatsunsu. Dattijon ba mai tauna magana ba ne. Wata rana a gaban masu saye ya ɗanɗana na wannan ya ɗanɗana na wancan, ya ce, "Rabi'u ya ɗauke hannuna. Kai kuwa Ghani, sai ka yi haƙuri da sunana." Mutane suka yi dariya suka manta. Su biyun ba su manta ba.

Bayan rasuwar dattijon kowa ya tafi da rabonsa. Abdulghani ɗan ƙasa ne, ya nemi lasisi aka ba shi, ya buɗe kanti a unguwar Bani Malik, mai ƙofar gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, da babban allo mai haske da aka rubuta Sere Bakur a jikinsa. Rabi'u ya kafa tukuba a bayan gidan da yake haya, ba allo ba alama, don wanda ba shi da takarda ba ya kiran ido. Masu saye suna zuwa masa tun daga arewacin gari a manyan motoci, su ajiye su can bakin titi su biyo hayaƙi da hanci. Ciniki bai taɓa yanke masa ba. Amma idan suka haɗu da Abdulghani a wurin ɗaurin aure ko jana'iza, sai su rungumi juna su yi doguwar gaisuwa, Rabi'u ya dawo gida ya kwana biyu bai yi wa kowa fara'a ba.

Lungunmu yana da wata al'ada da ta girme ni a cikinsa. Idan baƙo ya tambayi wani, amsa ɗaya ce: ba mu san shi ba. Ba rashin mutunci ba ne. Rabin gidajen suna da wanda jami'an jawazat, masu kula da shige da fice, za su ɗauka su sa a jirgi idan suka same shi, kuma ba a gane jami'i a fuska. Ranar da na fara zuwa neman ɗaki, na tambayi wani mutum da ke zaune a kan tabarma ina gidan wane, ya dube ni da kyau ya ce bai taɓa jin sunan ba. Daga baya na gane shi ne mai sunan, kuma shi ne ya ba ni ɗakin. Bai taɓa neman gafarata ba, ni ma ban ga dalilin da zai nema ba.

Fatu, matar Rabi'u, ta fi kowa riƙe wannan al'ada. A unguwar Mahjar ta nan Jidda aka haife ta, ba ta taɓa ganin Nijeriya ba, kuma takardarta ta daɗe da mutuwa tun rasuwar kafilin mahaifinta, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa. Tana budurwa aka ɗauke yayanta a bakin masallaci da takalmi ƙafa ɗaya, ɗayan aka kawo gida. Ba ta sake ganinsa ba sai a hoto. Ita ke soya ƙuli-ƙuli, ita ke daka yajin, kuma ita ke leƙa lungu kafin a hura wuta.

Rabi'u ya zauna da rabonsa, ko dai ya yi kamar ya zauna, har zamanin da waya ta zama ita ke gaya wa mutane inda za su ci abinci. Da can a baki ake kwatance, kuma mai kwatancen yakan haɗa maka da labarin mai abincin da na ubansa. Ɗansa Jabiru ya saya masa waya, ya nuna masa yadda ake tambayar injin bincike. Abin da ya fara tambaya ba labarin Funtuwa ba ne. Ya zo ƙofar gidana da safe ya miƙo mini ita.

"Malam Akawu, hannunka ya fi nawa tsabta. Rubuta mini, sere a Jidda."

Na rubuta. Kantin Abdulghani ne ya fito a sama, da hoton allon, da jerin taurari rawaya a ƙarƙashinsa, da hoton Abdulghani kansa cikin farar jallabiya yana riƙe da faranti.

Rabi'u ya daɗe yana kallo. "Dubi yankan nan," ya ce. "Kamar tafin takalmi. Waɗannan taurarin, wa ke raba su?"

"Masu saye."

"To rubuta nawa."

Na rubuta sunansa da boko, na rubuta da Larabci, na haɗa da Sa'alaba, na cire. Wani Rabi'u ya fito mai sayar da taya a Kano, da wani malamin makaranta. Namu bai fito ba. Na gaya masa dalili, cewa sai wani ya sa mutum kafin a same shi. Ya karɓi wayarsa ya tafi bai yi sallama ba.

Ba a daɗe ba wani mai saye, Mazen, ma'aikacin banki da ke zuwa duk Alhamis, ya ci ya ji daɗi ya ce, "Ya ammi, ai zalunci ne a ce ba ka cikin taswira." Ya ɗauki hoton hayaƙin da na naman, ya dasa jar alama a taswirar waya daidai bayan gidan, ya rubuta Sere Ammi Rabi'u, ya cika masa taurari. A ranar Rabi'u ya ƙona nama, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, don idonsa yana kan waya. Washegari ya bi lungu gida gida yana nunawa. Na lura maza suna cewa masha Allah suna kallon ƙasa. Shi bai lura ba.

Kafin Alhamis ta zagayo alamar ta ɓace. Mazen ya sake dasawa, ta sake ɓacewa. Wani mai saye ya gwada nasa, ita ma ba ta kwana da yawa ba.

A ƙasar nan kowa ya san shafin da ke fitowa idan ka nemi abin da hukuma ta hana. Yakan gaya maka an rufe, da Larabci mahjub. Rabi'u ya ji kalmar a bakin mutane ya riƙe ta.

"An yi mini mahjub, Malam Akawu. Kuma na san wanda ya yi."

"Wa?"

"Wa ke da surukai a ofis? Wa ke tsoron a jera ni da shi a shafi ɗaya mutane su gwada?"

Na ce masa ba haka ake yi ba. Na ba shi misali da makarantar mishan da na yi a ƙasar Zazzau. A ɗakin karatunmu akwai kabad mai gilashi, a kulle, cike da littattafan da aka ce ba na yara ba ne. Muna ganin bayansu, muna karanta sunayensu, mun san abin da aka hana mu. Hukuma ma idan ta rufe shafi tana gaya maka ta rufe. Shi kuwa nasa ba a ce an rufe ba, babu shi ne kawai. Na ɗauka wannan zai kwantar masa da hankali.

"Ka gani ko," ya ce. "Nawa ya fi na littattafanku muni. Ni ko bayana ba a bari a gani ba."

Daga nan ya shiga neman injin da ba ya ɓoye komai. Akwai wani Zaharadden, mutumin Maraɗi mai furfura a gemu, da ke gyaran waya a wani ɗan shago a Mahjar. Shi ya gaya masa cewa babban injin da kowa ke tambaya yana tace abin da zai nuna, amma akwai waɗansu ƙanana da ba ruwansu da kowa. Ni ke raka shi, don ni ke karanta masa.

"Bon, Alhaji," in ji Zaharadden, "wannan na Turai ne, ba ya tsoron mai mulki ba ya tsoron attajiri. Ga kuma kasir, mai fasa shinge. Idan na kunna shi, wayarka za ta ɗauka kana wata ƙasa."

"Wace ƙasa?"

"Wadda ka ga dama."

"Ni tun ina saurayi nake neman takardar ƙasa ɗaya ban samu ba," in ji Rabi'u, "ashe wayata tana da su duka."

Aka kunna. Abin da ya biyo baya ba zan kwatanta shi duka ba. Shafukan caca, da hotunan da suka sa muka kau da kai muna a'uziyya, da maganganun siyasa da Zaharadden ya yi sauri ya rufe yana duban ƙofa. Duk abin da aka ɓoye a duniya ya fito fili, ban da Rabi'u. Muka koma wata rana aka sa wani injin, muka sake komawa aka sa wani. Ɗaya daga cikinsu ya kawo kantin Abdulghani cikin wani rubutu da ko ni ban iya karantawa ba, amma taurarin suna nan ba su ragu ba.

"Har can ma ya kai hannu," in ji Rabi'u.

Zaharadden ya ajiye wayar a kan tebur. "Alhaji, in gaya maka gaskiya. Duk marar iƙamar da ke shigowa shagon nan, roƙona yake in ɓoye shi. Kai ne na farko da ya zo neman a tona shi."

"Kai waya kake gyarawa. In ka mutu wani zai gyara." Rabi'u ya ɗaga hannunsa na dama ya miƙe yatsun. Suna ɗan karkarwa, abin da na daɗe da lura amma ban faɗa ba. "Ni hannun Ammi Bakur nake riƙe da shi, ga shi ya fara gajiya. In na mutu gobe, wanda ya tambayi waya wa ya gaji Bakur, za ta ce masa Ghani. Jikokina ma haka za ta ce musu."

Rabi'u ba ya barin kudancin gari, saboda shingayen bincike a manyan tituna. Amma wata Talata da hantsi ya zo cikin wankakkiyar riga ya ce in raka shi Bani Malik. Fatu ba ta sani ba. A motar haya, duk motar 'yan sanda da muka wuce sai ya sunkuya kamar yana gyara takalmi.

Ba a buɗe wa masu saye ba tukuna. Ta gilashi muna hango ma'aikata cikin riguna iri ɗaya suna jera naman da inji ya yanka. Rabi'u ya tsaya a waje ya dubi allon daga wannan gefe zuwa wancan kafin ya shiga.

Abdulghani ya fito da fara'a. Ya yi ƙiba, gemunsa ya yi fari. "Ahlan, ahlan. Ɗan umara, yau hanya ka ɓata? Malam, bismillah, ga kujera."

"Ban zo shan shayi ba, Ghani. Na zo in ji wa ka sa ya goge ni."

Abdulghani bai gane ba, sai na yi masa bayani a taƙaice: alamar Mazen, da ɓacewarta, da zirga-zirgarmu a Mahjar. Sai ya yi wata dariya marar daɗi ya ciro wayarsa.

"Ni na goge ka? Yalla, Malam, kai ne mai karatu. Karanta masa. Ba taurarin ba, abin da aka rubuta a ƙasansu."

Mu ba mu taɓa sauka ƙasan taurarin ba, don Rabi'u da ya ga hoton yake kife wayar. Na sa tabarau na karanta. Wata mai suna Areej ta rubuta cewa wurin yana da tsabta, amma wanda ya ci na shayib ɗin Sa'alaba, wato dattijon Sa'alaba, ba zai kira wannan sere ba. Wani ya ce yana zuwa nan ne kawai ranar da ya kasa gano lungun shayib. Wani ya tambaya ina shayib ɗin yake, aka ba shi amsa cewa ya je bayan la'asar ya bi hayaƙi.

"Ka ji?" in ji Abdulghani. Fara'ar ta tafi. "Kantina, lasisina, sunan ubana, amma kullum da safe sai na buɗe na same ka zaune a ciki. Na rubuta na roƙa a cire, aka ce ra'ayin mai saye ne. Wallahi da ina da ikon goge ka, daga nan zan fara, ba daga bayan gidanka ba."

Rabi'u ya ce in sake karanta na Areej. Na sake. Fuskarsa ta buɗe kaɗan, sai ta sake rufewa.

"Shayib," ya ce. "Ba ni da suna ke nan. Yabona ne, amma a ƙarƙashin allonka yake kwance. Ko wannan ma kai ka ci."

"Ɗauki abinka ka tafi da shi, halas. Ba ni hannun in ba ka allon."

"Da ana musaya, da tuni."

Suka tsaya suna kallon juna, ma'aikata suka daina jera nama. Daga ƙarshe Abdulghani ya sa direbansa ya mayar da mu har bakin lungu, ya ce kada a tare mu a hanya a ce daga kantinsa muka fito. Rabi'u ya shiga bai yi godiya ba. Duk hanya yana shafa fatar kujerar da yatsa yana kallon waje.

Muka sami Fatu a tsakar gida tana tankaɗe garin ƙuli-ƙuli. Labarin motar ya riga mu isa. Rabi'u ya faɗa mata inda muka je da abin da aka yi, ya ƙare da cewa in ba Ghani ba ne, to akwai wani maƙiyin da bai sani ba.

Fatu ba ta daina tankaɗe ba. "Wane maƙiyi, Abu Jabir? Ni ce."

"Ke ce me?"

"Wayar ce ta tambaye ni. Ina zaune a nan ta ce, akwai mai sere a wurin nan? Ni ban san ta ba, ban san wanda ya aiko ta ba. Na ba ta amsar da ake ba baƙo."

"Kika ce?"

"Na ce babu. Luba ta maƙwabta ma ta ce babu. Matan lungun nan duk sun shiga sun ce babu. Da aka sake sawa muka sake faɗa."

Rabi'u ya ja da baya. Ya zauna a kan buhun gawayi da wankakkiyar rigarsa.

"Na je Mahjar," ya ce can, "na je Turai a waya, na ga abin da zan yi ta istigfari a kansa har in mutu. Ashe mai mahjub ɗin a tsakar gidana take daka yaji."

"Jar alama a kan rufin ɗakina, da hoto, da suna. In Mazen ya gani, jawazat makafi ne? Kai allon Ghani kake kallo. Ni takalmin yayana nake kallo."

"Wato in mutu babu suna."

"Wato ka mutu a ɗakinka."

Na tashi na ba su wuri.

Rabi'u ya daɗe ba ya shiga hirar ƙofar masallaci, don ya gane mazan ma sun sani, har da waɗanda suka ce masa masha Allah. Wuta dai ana hurawa, masu saye suna zuwa. Mazen ya ce zai sake dasa alamar, Rabi'u ya hana shi. Ya san Fatu tana da gaskiya, kuma wannan ne ya fi ƙona masa rai. Wata rana yana juya tsinke ya ce mini, "A garin nan Ghani ne kaɗai zai iya haɗa suna da zama. Ni sai na zaɓi ɗaya." Na ce masa zama ya fi. Ya ce ai ni ina da iƙama, shi ya sa bakina ya yi sauƙin faɗa.

Da hukuma ta yi shelar afuwa, cewa duk mai zama babu takarda ya fito ya tafi ƙasarsu ba tare da hukunci ba, mutanen lungu suka yi kamar ba su ji ba, yadda suka saba. Rabi'u ya je ya ba da sunansa. Ya gaya mini cewa tun zuwansa ƙasar nan bai taɓa faɗar sunansa na gaskiya a gaban mai kaki ba sai ranar, kuma ya roƙi jami'in ya maimaita masa shi.

Jabiru yana da kafili da aiki, ya ce shi yana nan. Fatu ta ce ita ma ba za ta je ba, ba ta san garin ba, ba ta san kowa ba, Hausarta ma dariya za su yi mata. Ta yi ta faɗar haka har ranar da aka fara ɗaure kaya, sai aka gan ta tana naɗe taɓarya a cikin bargo. Ta ce wa Luba, "Wa zai daka masa yajin? Can na kasuwa za su ba shi, ya ɓata sunan da ya je nema."

Ranar wutar ƙarshe Abdulghani ya zo. Ya shiga layi kamar kowa, ya ci a tsaye, ya ce gishiri ya yi yawa, ya miƙa hannu ya karɓi wani. Na ga Rabi'u ya zaɓar masa na tsakiyar wuta.

Yanzu Rabi'u yana Funtuwa, a bakin tasha, cikin jerin masu tsire da yawa. Allonsa ya fi tukubarsa girma. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan kira ni ya ce in neme shi daga nan Jidda, don ya tabbatar ana ganinsa daga ƙetare. Yana fitowa, da hoto da suna. Taurarinsa ba su da yawa. Mutanen Funtuwa ba su saba ba mai tsire tauraro ba, kuma wani ya rubuta cewa naman ya yi siriri, ba ya tare yunwa. Fatu ce ta fara rubutu a ƙasan sunansa, da Larabci. Ta ce akwai shi, mun san shi.

In mun gama da nasa sai ya ce in buɗe na Ghani. Wata Juma'a na buɗe na tarar da sabon rubutu. Wani ya ce ya je Sa'alaba neman shayib, bai ga hayaƙi ba, ya tambayi mutanen lungu suka ce ba su san shi ba, da alama ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Waɗansu sun biyo baya suna cewa amin. A ƙasansu kuma akwai amsar mai kanti. Na karanta masa ita yadda take: bai mutu ba, sunansa Rabi'u, yana Funtuwa a Nijeriya, shi ya gaji hannun mahaifina.

Ina jin hayaniyar tasha a bayansa, kwandasta yana kiran Zariya.

"Da hannunsa ya rubuta?"

"Da sunan kantin dai aka rubuta."

"Rabi'u ya ce? Ba shayib ba?"

"Rabi'u ya ce."

"Sake karantawa."

Na sake.

"Uhm," ya ce. "Sai da ya tabbatar teku ta shiga tsakaninmu." Sai kuma ya ce, "Taurarinsa fa, sun ragu?"

Na duba da kyau na ce suna nan yadda suke. Ya ce wuta tana jiransa, ya kashe wayar.